ƊORA KO ƊURA? ABIN DA KALMAR "FILASHIN" KE ƁOYEWA



Yau a shagon mai gyara za mu ɗauki darasinmu. Ka je kasuwar Dambatta ko ta Bichi, ka tsaya gun masu gyaran waya da kayan sola, za ka ji jimla ɗaya tana ta yawo: "Sai an yi mata filashin." Da ita ake sallamar mai waya, da ita ake sallamar mai talabijin, har da manomin rani na bakin madatsar Watari ko ta Tomas da akwatin famfonsa na sola ya tsaya. Idan abin ya gagara, a ce sai an kai Farm Centre a birni.

Ni ba aro nake ƙi ba. Dubi "loda": mun aro ta, ta zauna daram, har tana juyawa kamar 'yar gida: loda, lode, lodo, lodu. Ita kuwa "filashin" suna ce da ba ta motsi sai ta jingina da "yi", kuma ayyuka da dama ta dunƙule a baki ɗaya. A nan matsalar take.

Bari mu ga aikin kansa. A jikin fanel akwai ɗan baƙin abu mai ƙafafu da masu gyara ke kira ayisi. Wani irinsa ƙaramar kwamfuta ce sukutum, mai ɗauke da umarnin da ke tafiyar da na'urar. Misali ATmega328P da ɗalibai suka sani a allon Arduino Uno: doguwar tana da ƙafa 28, ana cusa ta a gurbi a kuma zare ta da hannu. Ƙaramar, wadda ake liƙewa da dalma a saman fanel, ƙafa 32 gare ta, tsakanin ƙafa da ƙafa bai kai milimita 1 ba. Wannan ba ta zaruwa.

Hanya biyu ake bi a sa mata umarni. Ta farko: a hura mata iska mai zafi har dalma ta narke, a ciro ta, a kwantar da ita a wani mazauni mai murfi da ke danne ƙafafunta, a gama aiki, a mayar, a sake liƙewa. Zafi na iya lalata ta, ƙafa na iya lanƙwashewa. Ta biyu: a bar ta inda take, a jona waya a 'yan tsinkayen da maƙerin ya tanada a jikin fanel. A allon Arduino guda 6 ne: 2 na wuta, 1 na tsayar da ita, 3 na kai saƙo da dawo da shi da daidaita lokaci.

To, hanya biyu masu kuɗi daban da haɗari daban, duk an kira su "filashin". Hausa ce ta gaza? Ko kusa.

1. ƊURA, ba ƊORA ba. Na sha ganin ana rubuta "an ɗora mata manhaja". Ɗorawa a bisa ake yi: a ɗora tukunya a murhu, a ɗora kaya a kan jaki. Ɗurawa kuwa ciki ake yi, ta ƙaramar kafa: a ɗura man gyaɗa a kwalba, a ɗura wa yaro magani. Umarnin da ke bi ta siraran ƙafafu ya shige cikin ayisi, ɗura shi aka yi. Hoto a Facebook ne ake ɗorawa. Wasali ɗaya ya raba su, sai a kula.

2. CIRE da CIRO. Ku tuna giredin aikatau guda 7 da F. W. Parsons ya tsara a 1960. "Cire" giredi na 4 ne, an raba abu da wurinsa ke nan. "Ciro" na 6 ne, an kawo shi wajen mai aiki. Mai gyara da ya ce "zan ciro ta" ya faɗa maka hanya ta farko zai bi. Wanda ya ce "a wurin zan ɗura" ya faɗa maka ta biyu.

3. GOGE. Wannan ce "filashin" ta fi ɓoyewa. Irin wannan ma'adana sai an goge na ciki kafin a rubuta sabo. Wasu kamfanoni kuma kan kulle ayisi yadda ba za a iya kwafe abin da ke ciki ba. In aka goge babu na mayarwa, ya tafi ke nan. Mai waya da ya ji "za a goge" zai tuna da lambobin mutanensa tun kafin ya miƙa. Wanda ya ji "filashin" sai ya gyaɗa kai kawai.

4. ƊURU. Giredi na 7 shi ke ba da sakamako: ta ɗuru, ba ta ɗuru ba, ba ta ciruwa, ta gogu. Kwatanta da "filashin ɗin bai yi ba". Me bai yi ba? Ba a sani ba.

Masu ƙirƙirar kalmomi ma akwai nasu laifin. Kome aka gani a fanel sai a ce "ƙwaƙwalwa", da mai ba da umarni da mai ajiya kawai. Sai kuma fassara mai tsawon igiyar guga da babu mai gyaran da zai furta ta ranar kasuwa. A bar "ayisi" da "fanel" su zauna, sunaye ne, sun samu karɓuwa. Aikatau ne bai kamata mu saki ba, domin shi ke faɗa wa mai kaya abin da za a yi wa kayansa.

Saboda haka in ka kai gyara, tambaya uku: Za a ciro ne ko a wurin za a ɗura? Za a goge? An kwafe na ciki?

Aikin gida: ku juya "liƙa" a giredi na 4, na 6 da na 7, kowanne da jimlarsa ta shagon gyara. Ku kuma faɗa mana yadda masu gyaran garinku ke kiran wancan mazauni mai murfi.

Allah Ya ƙara mana fahimta.