Suna ɗaya, tsuntsaye da yawa: nazari a kan Petroica multicolor na tsibirin Norfolk

0. Gabatarwa

A cikin wannan ƴar maƙala muna son mu bi tarihin sunan kimiyya na wani ɗan tsuntsu, mu kuma auna hanyar da masana suka bi wajen sama mashi matsayi. Tsuntsun yana zaune a Norfolk, tsibirin da faɗinshi bai wuce murabba'in kilomita 35 ba, mai nisan wajen kilomita 1.400 gabas da Ostiraliya. Namijin baƙi ne a baya, da jan ƙirji da farin tabo a goshi. Macen ƙasa-ƙasa ce, jan ƙirjinta bai kai na namiji ba. Ba a samun shi ko'ina a duniya sai nan.

Za mu yi amfani da "dangi" a madadin famille, "gida" a madadin genre, "iri" a madadin espèce, "reshe" kuma a madadin sous-espèce. Mun kauce ma kalmar "jinsi" domin a nahawu ta riga ta ɗauki ma'anar namiji da tamata.

1. Sunan da ba ya faɗin gaskiya

James Cook ya iso tsibirin a 1774. A 1783 John Latham ya bayyana kamannin tsuntsun da Ingilishi, bai ba shi sunan Latinanci ba. Sai a 1789 Johann Friedrich Gmelin, cikin bugu na 13 na Systema Naturae, ya dogara ga bayanin Latham ya raɗa mashi Muscicapa multicolor, watau "mai kama ƙuda, mai launuka da yawa". A 1829 William Swainson ya fitar da shi daga Muscicapa ya kafa sabon gida, Petroica, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin "dutse" da "gida", kuma wannan tsuntsun ne ya zama ma'aunin gidan.

Idan muka bi kalmomin nan ɗaya bayan ɗaya, za mu ga ba su tsaya ba. Tsuntsun ɗan kurmi ne, ba mazaunin duwatsu ba. Haka nan Ingilawa sun kira shi robin saboda jan ƙirjinshi ya tuna masu da nasu na gida, Erithacus rubecula, wanda Faransawa ke kira rouge-gorge. Amma aikin Charles Sibley da Jon Ahlquist a kan ADN, a shekarun 1980, ya nuna cewa tsuntsayen Ostiraliya na wannan rukuni ba su da kusanci da na Turai. Danginsu daban ne, Petroicidae. A nan Faransanci ya fi dacewa, tun da "miro" yake ce masu.

To me ya hana a gyara? Kundin ƙa'idojin raɗa ma dabbobi suna na duniya, wanda bugunshi na 4 ya fara aiki a 2000, ya ce rashin dacewar ma'ana ba ya kashe suna. A ganinmu ƙa'idar daidai take. Sunan kimiyya lamba ce, ba siffantawa ba. Da ana canja shi duk lokacin da sani ya ƙaru, da ba mai iya bin sawun tsuntsu ɗaya cikin rubuce-rubucen shekaru ɗari biyu. Wannan gargaɗi ne ga masu aikin ƙirƙirar kalmomi: wanda ya fassara Petroica da "mazaunin dutse" cikin littafin makaranta ya shigar da kuskuren Swainson cikin Hausa.

2. Lokacin haɗawa

Inda muke da magana shi ne matsayi. A mafi yawan ƙarni na 20 an tattara tsuntsun Norfolk, da mai jan ƙirji na kudancin Ostiraliya, da na tsibiran Solomon, Banuwatu, Fiji da Samowa, an ce duka iri ɗaya ne mai rassa da yawa, Petroica multicolor. Ernst Mayr, wanda ya yi nazarin gidan Petroica a 1934, yana cikin manyan masu wannan hanya. Ma'auninshi sananne ne: al'ummomi biyu iri ɗaya ne idan za su iya barbara da juna su hayayyafa.

Ba mu ƙi cewa hanyar ta yi amfani ba, domin ta rage tarin sunayen da aka yi ta raɗa ma kowane tsibiri. Sai dai tana da rauni daidai inda aka fi aiki da ita. Tsuntsun Norfolk da na Samowa ba su taɓa gamuwa, teku ta raba su. Saboda haka ba a iya gwada ma'aunin. Mai bincike sai ya koma ga launin gashin fatun da ke ajiye a gidajen tarihi, ya ƙaddara cewa masu kama da juna za su iya barbara. Ke nan ma'aunin hayayyafa ne a baki, ma'aunin kama ne a aiki. Kama da wane kuwa ba ta wane, kuma kuskuren da ya haifi kalmar robin shi ne ya komo ta wata ƙofa.

3. Lokacin rabawa

A 1999 Richard Schodde da Ian Mason suka ware na Ostiraliya, ya koma iri mai zaman kanshi, Petroica boodang. Daga baya Anna Kearns da abokan aikinta, cikin binciken da mujallar Conservation Genetics ta buga a 2016, suka haɗa ADN na tsofaffin fatu da awon jiki da na launi, suka nuna cewa na Norfolk ya rabu da na Ostiraliya da na sauran tsibirai duka.

A nan wata ƙa'ida ta yi aiki: suna yana bin tsuntsun da aka fara raɗa ma shi. Tun da Gmelin na Norfolk ya bayyana, multicolor ya zauna a wannan ɗan tsibiri, sauran tsibiran suka ɗauki sunan da Titian Peale ya ba na Samowa, pusilla, watau "ɗan ƙarami". Bayan haka aka sake ware na Solomon da sunan polymorpha. Sakamakon shi ne, multicolor na littafin 1990, da na 2005, da na 2020, ba abu ɗaya suke nufi ba. Ɗalibin da ya kwatanta alƙalummansu bai duba wannan ba, ya yi aikin banza.

4. Abin da matsayi ke jawowa

Jerin tsuntsayen da ke cikin haɗari na ƙungiyar UICN iri yake aunawa, ba reshe ba. Muddin na Norfolk reshe ne na irin da ya bazu a tsibirai da dama, halin da yake ciki ya ɓace cikin yawan ƴan'uwanshi, ko da yake dokar Ostiraliya tana kula da rassa. Alhali saran kurmi da ɓeraye da kyanwoyi sun matse shi, mafi yawa cikin gandun da aka keɓe a tsibirin. Da aka ba shi matsayin iri, sai ya shiga jerin masu fuskantar ƙarewa. Tsuntsun bai canja ba, takarda ce ta canja.

Amma kada a ɗauka rabawa ce kullum ke ceto. A 1986 mace ɗaya tak ta rage daga mujiyar Norfolk. Saboda ana lissafa ta reshen Ninox novaeseelandiae, a 1987 aka kawo maza biyu daga Niyu Zilan, ta hayayyafa da ɗayansu, jininta bai ɓace ba. Da iri aka ce da ita, da shawarar ta fi wuya. Haka kuma ADN ba ya da awon da ke cewa "daga nan iri ya fara". Mutum ne ke yanke hukunci. Ƙarfin aikin Kearns shi ne hujjoji dabam-dabam sun dace, ba ADN kaɗai ba.

5. Kammalawa

Abubuwa biyu ya kamata a rarrabe. Suna yarjejeniya ce, a bar shi yadda yake ko ma'anarshi ta karkace. Matsayi kuwa hasashe ne, dole a nemi hujjarshi, domin yana iya ɓoye halittar da ke gab da ƙarewa. Shawararmu ga masu rubutun kimiyya da Hausa ita ce: kada a fassara sunan Latinanci, a riƙa sa mai raɗa shi da shekara, kamar Petroica multicolor (Gmelin, 1789), a kuma faɗi rarrabawar wane aka bi.