Bikin Diwali a Littattafan Karatun Yara: Tsokaci Daga Zangon Accra

Daga cikin littattafan koyon karatu da ake bugawa a Amurka da Ingila akwai wani rukuni da ya keɓanta ga bukukuwan al'ummu, da nufin koya wa yaro mutunta al'adar da ba tasa ba. Bikin Diwali na mabiya addinin Hindu, wanda kan faɗo a watan Oktoba ko Nuwamba, ya samu kaso babba. Misali shi ne Binny's Diwali na Thrity Umrigar, wanda ya fito a 2020. Wannan takarda za ta auna irin wannan littafi da idon yaron Nima ko Maamobi, a unguwannin Zango na birnin Accra.

Zubin littafin mai sauƙi ne. Tauraruwar, Binny, za ta yi wa 'yan ajinsu bayanin bikin gidansu. Fargaba ta kama ta, daga baya ta samu bakin magana. Jigon yana da ƙarfi, domin duk yaron da ya taɓa jin kunyar harshen gidansu a makaranta zai gane halin da take ciki. Yaron Zango kuwa ya fi kowa ganewa. Hausa ita ce harshen kasuwa da masallaci a Nima, amma ba ta cikin harsuna 11 da gwamnatin Ghana ta ɗauki nauyinsu don koyarwa, irin su Ga da Ewe da Dagbani.

Rauni yana wajen abin da aka zaɓa a nuna. Galibin littattafan wannan rukuni sun tsaya ga fitilu da kayan zaƙi da sababbin tufafi, sai a taƙaita ma'anar bikin da cewa haske ya rinjayi duhu. Labarin komawar Rama garin Ayodhya bayan shekara 14 a gudun hijira, da bautar Lakshmi, akan ture su zuwa shafin ƙarshe ko a bar su. Tamkar a ba da labarin Babbar Sallah ne da rago da ɗinki kawai, ba a ambaci Annabi Ibrahim ba. Sannan an ɗauka mai karatu bai san Indiya ba. Bahaushe kuwa ya daɗe da finafinan Indiya, kuma a Accra kanta, a Odorkor, akwai gidan ibadar Hindu da Swami Ghanananda, ɗan Ghana, ya kafa a 1975. Mabiya Hindu maƙwabta ne ga yaron Nima, ba mutanen wata duniya ba.

Ga ɗalibin harshe, aikin yana farawa ne idan aka ce a mayar da littafin Hausa. Fitilar kasko mai mai da lagwani da Indiyawa ke kira diya ba ta da wuya: aci-balbal ce, ko da yake yaron birni sai ya tambayi kakarsa. Rangoli ma ana iya cewa zanen ƙasa da gari mai launi. Inda gizo ke saƙa shi ne Lakshmi. In mai fassara ya ce gunki, ya yanke hukunci a littafin da aka rubuta don girmamawa. In ya ce allahiya, malamin makarantar allo da iyaye za su mayar da littafin tun daga ƙofa, kuma ba za a ga laifinsu ba. "Abar bautar mabiya Hindu" ta fi tsawo, ta kuma yi wa mai koyon karatu nauyi, amma ita ce ba ta zagi kowa ba, ba ta kuma sa yaro furta abin da bai yi imani da shi ba.

Akwai kuma tambayar wace Hausa. Hausar Ghana ta yi watsi da bambancin jinsi a nahawu, har akan ce "ya zo" ga mace. Littafin da tauraruwarsa yarinya ce zai cika da "ta", wadda ita ce daidaitacciyar Hausa amma ba ita yaron ke ji a gida ba. Ɗakin karatun yara na Nima, wanda asusun Kathy Knowles 'yar Kanada ya kafa, wuri ne da ya dace a gwada fassarar a gaban yara, a ji inda harshensu zai yi tuntuɓe kafin a kai ta maɗaba'a.