Masu Gogen da Suka Raini Kiɗan Bluegrass

Duk wanda ya fara jin kiɗan bluegrass na Amurka, ƙarar banjo ce za ta fara cika masa kunne. Ita ce mai hayaniya da saurin ƙafa. Amma wanda ya haifi kiɗan, Bill Monroe, a gindin mai goge ya tashi. An haife shi a 1911 kusa da Rosine a jihar Kentucky, kuma bayan rasuwar iyayensa ya koma hannun kawunsa, Pendleton Vandiver, wanda ke kaɗa goge a wuraren rawa na ƙauye. Yaron yakan bi shi yana raka shi da jita. A wancan zamanin ne kuma ya yi wasa da Arnold Shultz, wani baƙar fata makaɗin jita da goge, inda ya ɗauko ɗanɗanon kiɗan blues. Shi Monroe mandolin ya riƙe har ƙarshen ransa a 1996, sai dai karin goge ya riƙa kaɗawa a kanta.

Gogen nasu mai tsirkiya huɗu ne, ana ɗora shi a kafaɗa, ana gogarsa da izgar doki da aka shafa wa ƙaro. Kamar namu, shi ma ya sha tsangwama a wajen masu wa'azi, har wasu a tsaunukan Appalachia suka riƙa kiransa akwatin Shaiɗan. A ƙungiyar bluegrass babu ganga, kuma banjo da jita da mandolin duk tsinkensu ake yi, sautin ya fito ya mutu nan take. Goge shi ke iya jan sauti ya daɗe yana kuka. Wuyansa kuma ba shi da ƙarafan raba sauti, don haka yatsa na iya zamewa tsakanin murya da murya yadda mawaƙi ke yi.

Chubby Wise, ɗan Florida, shi ya fara nuna abin da hakan ke nufi. Ya shiga ƙungiyar Monroe, Blue Grass Boys, a 1942, kuma yana nan lokacin da Lester Flatt da Earl Scruggs suka zo a 1945. Faya-fayan da suka naɗa wa kamfanin Columbia a 1946 da 1947 su ake ɗauka a matsayin asalin kiɗan. Tsofaffin masu gogen rawa gajeriyar guga suke yi, izga na kai da komowa don ƙafa ta samu abin takawa. Wise ya tsawaita gugar, ya sa mata zaƙi, yana bin muryar mawaƙi a baya kamar ɗan amshi.

Daga nan sai Kenny Baker, wanda ya fi kowa daɗewa da Monroe. Mahaƙin kwal ne daga gabashin Kentucky, an haife shi a 1926. Ya fara shiga ƙungiyar a 1957, amma kiɗa ba ya ciyar da iyali a lokacin, don haka ya sha ajiye goge ya koma ramin kwal. Sai a 1968 ya dawo ya zauna. Abin mamaki, kunnen wannan mahaƙi ya fi karkata ga jazz, musamman gogen Bafaranshen nan Stéphane Grappelli, kuma ana jin hakan a hannunsa: yakan zuba sautuka da yawa a guga ɗaya, santsi kamar an zuba mai, babu gaggawa ko da kiɗan na gudu. Monroe mutum ne mai rowar yabo, amma a kan dandali yakan gabatar da Baker a matsayin wanda ya fi kowa iya gogen bluegrass. Sai da ya samu Baker ya yarda ya naɗi karin kawunsa a faifai guda a 1972. A 1976 Baker ya fitar da nasa faifan na kiɗe-kiɗen Monroe, wanda ke ɗauke da "Jerusalem Ridge", karin da masu koyon goge ke gwada ƙwanjinsu da shi har yau. Sun rabu baram-baram a 1984 kan jadawalin tafiye-tafiye, suka shekara goma kafin su sake tsayawa tare.

Vassar Clements wata hanyar ya bi. Ya zo wa Monroe a 1949 yana ɗan shekara 21, bai iya karanta rubutaccen kiɗa ba, amma yana sa goge ya yi magana irin ta kakakin manyan ƙungiyoyin jazz. A 1973 ya zauna da Jerry Garcia na Grateful Dead a ƙungiyar Old & In the Way, lamarin da ya kai kiɗan ƙauye ga samari masu dogon gashi na birane. Masu ra'ayin gargajiya sun ga ya wuce gona da iri. A kunnen mai saurare na yau, faya-fayan ba su tsufa ba.

Shi kuwa Bobby Hicks, wani mai gogen, ya yi suna ne wajen haɗa goge biyu ko uku su yi kari ɗaya, kamar yadda shi da Baker suka yi a "Scotland" a 1958.

Duk waɗannan maza ne, kuma fagen ya daɗe a haka. Alison Krauss, haifaffiyar Illinois a 1971, ta shigo ta ƙofar gasar goge tana yarinya, kamfanin Rounder ya ɗauke ta tana shekara 14. Muryarta ta zo ta rufe gogenta a idon jama'a, har ta tara kyautar Grammy 27, amma a 1993 ita ce ta gayyaci wani yaro makaho ɗan shekara 13 ya hau dandalin Grand Ole Opry tare da ita. Sunansa Michael Cleveland, daga Henryville ta Indiana. Yana ɗan shekara huɗu ya ji an kaɗa "Orange Blossom Special", karin da ke kwaikwayon jirgin ƙasa, ya kafe sai ya koya. A makarantar makafi ta Louisville aka fara ba shi goge. Hannunsa ba irin na Baker ba ne: yana danna izga da ƙarfi, yana kaɗa tsirkiya biyu a tare da gudun da ke sa 'yan kallo miƙewa. Faifansa Tall Fiddler ya ci Grammy a 2020, kuma ƙungiyar masu kiɗan bluegrass ta IBMA ta zaɓe shi gwanin gogen shekara sau 12.