Kalmar "Annabi": Gyara Ga Wani Tsohon Bayani

Akwai bayanin da ya daɗe yana yawo cikin littattafan sharhi da fastoci ke amfani da su, wai kalmar Ibrananci "nabi" ta fito ne daga wani tushe mai ma'anar ɓuɓɓugowa, kamar ruwan marmaro. Wilhelm Gesenius, masanin Ibrananci na ƙasar Jamus wanda ya rasu a 1842, shi ne ya yaɗa wannan ra'ayi. Bayanin yana da daɗin wa'azi, amma bai tsaya da ƙafafunsa ba. Kalmar ɓuɓɓugowa tana ƙarewa da harafin ayin, ita kuwa "nabi" da alef take ƙarewa. Tushensu daban ne.

Yawancin masana yanzu suna danganta ta da "nabu" na harshen Akkad, a tsohuwar Mesofotamiya, wato kira. Annabi ke nan shi ne wanda aka kira, ko mai shela. Fitowa 7:1 ta nuna aikinsa: an ce da Haruna annabin Musa domin shi zai yi magana a madadinsa. Sa'ad da Yahudawan Iskandariya suka juya Attaura zuwa Helenanci a ƙarni na 3 kafin haihuwar Almasihu, suka zaɓi "profetes", wato mai magana a madadin wani ko a gaban jama'a. Faɗin abin da zai faru sashe ne kawai na aikin. 1 Sama'ila 9:9 ma ta tuna mana cewa a dā maigani ake ce masa.

Tamu kalmar daga Larabci muka aro ta, muka haɗiye ta tare da "al" ɗinta, kamar yadda muka yi da alƙali da alƙalami. Ita da ta Ibrananci 'yan gida ɗaya ne.

Me ya sa wannan ya shafe mu? In annabci ɓuɓɓugowa ne, duk wanda ya yi rawar jiki cikin sujada ya ɗaga murya zai nemi wannan suna, ba kuwa mai ikon tambayarsa. In kuwa kira ne da saƙo, ikkilisiya tana da ma'auni: wa ya aiko shi, saƙonsa ya yi daidai da Maganar Allah? Haka Maimaitawar Shari'a 13 da 18 suka koyar. Ya ɗan'uwa mai hidima, kafin ka bar wani ya hau bagadinka da wannan laƙabi, ka yi masa waɗannan tambayoyi biyu.