Gidan da Ba a Tambayar Ina Masu Shi

Akwai wani wuri a fim ɗin Perempuan Tanah Jahanam, wanda Joko Anwar ɗan Indonesiya ya fitar a 2019, da har yau idan na tuna shi sai tsigar jikina ta tashi, alhali ko aljani ɗaya bai fito a wurin ba. 'Yan mata biyu 'yan birni, Maya da ƙawarta Dini, sun isa wani ƙauye mai suna Harjosari. Suka tarar da wani makeken gida da ba kowa a ciki, ƙura ta rufe komai. Duk wanda suka tambaya na wane ne, sai ya kau da kai. Can suka lura cewa ba a jin hayaniyar yara a garin. Da suka leƙa maƙabarta, sai ga ƙananan kaburbura jere reras.

Shi ke nan abin da aka nuna, kuma ya isa.

Irin wannan labari ne yake tashe a finafinan ban tsoro cikin 'yan shekarun nan. Gari ƙarami can nesa da titin mota, wani gida da mutanensa suka ɓace ko suka ƙare, baƙo ya zo da tambaya, 'yan gari kuma sun san amsa amma bakinsu alaikum. Turawa sun daɗe da fara shi. A fim ɗin The Wicker Man na 1973, wani ɗan sanda ya je wani tsibiri a Sikotilan neman yarinyar da aka ce ta ɓace, kowa ya ce masa bai san ta ba, har matar da ake cewa uwarta ce. A The Witch na 2015, iyali guda aka kora daga cikin jama'a a Amurka ta wajajen 1630, suka kafa bukka a bakin daji, jaririnsu ya yi layar zana a gaban yayarsa tana masa wasa, daga nan gidan ya dinga zubewa ɗaya bayan ɗaya. Amma inda abin ya bunƙasa sosai a yanzu shi ne gabashin duniya: Koriya ta Kudu, Tailan, Indonesiya, Indiya da Turkiyya. KKN di Desa Penari, labarin ɗaliban jami'a da aka tura aikin hidima wani ƙauye a tsibirin Jawa, ya samo asali ne daga wani dogon rubutu a Twitter a 2019, da ya fito a silima a 2022 kuma ya tara masu kallo kusan miliyan 10, abin da wani fim na ƙasar bai taɓa yi ba kafin lokacin. Inda kasuwa ta buɗe haka, kowa sai ya kawo hajarsa.

Ni ina cikin masu son wannan salo, kuma dalilina ɗaya ne. Bahaushe ya ce tsoro na daji, kunya na gida. Waɗannan finafinai sun ɗauko tsoron daga daji sun shigo da shi tsakar gida, sun zaunar da shi kusa da kunya, suka nuna cewa sau da yawa su biyun uwarsu ɗaya. Abin da ke hana 'yan Harjosari magana ya wuce tsoron fatalwa. Kowa a garin yana da hannu, ko ya gani ya yi shiru, ko ya ci riba da shirun.

Bari in fasa ƙwai, wanda bai kalla ba ya yi haƙuri. Maya tana aikin karɓar kuɗin hanya ne a tolget lokacin da wani mutum ya biyo ta da adda cikin dare, yana kiran ta da wani suna da ba ta sani ba, Rahayu. Wannan ne ya sa ta bin sawun asalinta, tare da kwaɗayin ko gidan da ta gani a wani tsohon hoto zai zama gadonta ta sayar. A ƙauyen, shekara da shekaru ke nan duk jaririn da aka haifa yana zuwa ba fata a jikinsa, shugaban gari Ki Saptadi kuma shi ke nutsar da shi a ruwa. An gaya wa jama'a cewa masifar daga gidan nan ta fito, kuma maganinta shi ne a kamo 'yar gidan a feɗe fatarta a yi 'yar tsanar wasan inuwa da ita, irin wasan da mutanen Jawa ke kira wayang. Dini ta yi ƙaryar cewa ita ce magajiyar don ta karɓi takardun gida, aka yanka ta. Daga baya ne ake gane cewa Maya 'yar cikin shugaban garin ce, cewa mahaifiyarsa, tsohuwa Nyi Misni, ita ta fara ƙulla asirin don ta rufe abin kunyar ɗanta da matar mai gida, shi kuma attajirin mai gidan ya kashe yara mata uku don ya ceci jaririyar da aka haifa a gidansa.

To ina aljani a nan? Zina ce, da rufin asiri, da mai kuɗi da ya ga ran 'ya'yan talakawa bai kai na gidansa ba, da gado. Fatalwowin yaran uku ba su cutar da Maya ba, su ne ma suka nuna mata gaskiya. Haka abin yake a Dabbe: Cin Çarpması na Hasan Karacadağ, wanda ya fito a Turkiyya a 2013: amarya ta haukace a daren lallenta, ana ta ruƙiyya, ashe iyaye maza ne suka ci amana saboda dukiyar da aka binne, 'ya'ya suke biya. A Tumbbad na Indiya, 2018, zinari ne ke jan mutum cikin rami har ya koya wa ɗansa hanyar. Ruwa dai ba ya tsami banza, kuma a mafi kyawun waɗannan finafinai ɗan Adam ne ya fara tsoma hannu.

Sai dai ina da ƙorafi, har guda biyu, kuma na farkon ya shafi shi kansa fim ɗin da nake yabo. Bayan Joko Anwar ya kwashe fiye da awa guda yana gina shiru, sai ya rushe shi da hannunsa. Wata fatalwa ta shiga jikin Maya, aka mayar da mu baya, aka karanta mana komai dalla-dalla kamar malami a gaban allo. Nan take tsoron ya sauka daga ƙirjina ya koma lissafi: wane ne uban wa, wa ya riga wa. Fim ɗin ya lashe kambun gwarzon fim a bikin finafinan Indonesiya na 2020, ƙasar ma shi ta tura gasar Oscar, kuma ban ce bai cancanta ba. Amma da ya bar mu da rabin sani, da ya fi bin mu gida.

Na Hong-jin na Koriya ya fi shi dauriya. Fim ɗinsa The Wailing, na 2016, minti 156 ne, a wani gari mai duwatsu da ake kira Gokseong, inda mutum zai kamu da wasu ƙuraje, hankalinsa ya gushe, ya hallaka iyalinsa. Ɗan sandan da ke bincike, Jong-goo, ba jarumi ba ne, matsoraci ne mai tumbi, har sai da ciwon ya kama 'yarsa. Ana zargin wani baƙo ɗan Japan da ke zaune a daji. An ɗauko boka mai tsada ya yi kiɗa da yanka. Ga kuma wata mata mai fararen kaya da ba a san daga ina take ba. Kusa da ƙarshe matar ta ce wa uban kada ya koma gida sai zakara ya yi cara sau uku, bokan kuma yana kiran sa a waya yana cewa kada ya yarda da ita. Uba yana tsaye a duhu, iyalinsa na ciki, bai san wa zai gaskata ba. Duk wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwa, wannan ya ce asibiti, wancan ya ce sammu ne, wata gwaggo ta ce a kai shi wurin mai magani, ya san wannan tsayuwar. Bai jira cara ta uku ba. Ni ma da ba zan jira ba.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi. Da kasuwa ta yi daɗi, sai masu kwaikwayo suka ɗauki ɓawon suka bar ƙwayar. Yanzu da ka ga motar 'yan birni ta sauka daga kwalta, waya ta daina kama sabis, ka san sauran. Baƙauye zai fito da jajayen idanu, ba ya amsa sallama. Kyamara kullum tana kafaɗar baƙo, ɗan gari kuwa abin kallo ne kawai, kamar ba shi da ciwon kai, ba shi da bashi, ba ya dariya. Su wa ke yin finafinan? 'Yan birni. Su wa ke sayen tikiti? 'Yan birni, waɗanda da yawansu iyayensu ko kakanninsu daga irin waɗannan ƙauyuka suka taso. Wani lokaci nakan ji kamar ana biyan kuɗi ne don a tabbatar wa kai cewa barin gida da aka yi daidai ne.

Sannan a duba wa ake ɗora wa laifi a ƙarshe. Tsohuwa ce. Christine Hakim, wadda ta fito a Nyi Misni, gwana ce da ta shafe fiye da shekara 40 a harkar, kuma ta yi wasan da ya firgita ni. Amma bayan an binne fatun yaran nan uku da attajirin ya kashe, an haifi jariri lafiyayye, fim ɗin ya tsallaka shekara guda ya nuna fatalwar tsohuwar ta dawo tana cin fatar jariri. Attajirin da ya kashe yara uku an manta da shi, mazan da suka riƙe adda an sallame su, tsohuwa ce ta rage. Wannan wurin ne ya taɓa ni a matsayina na Bahaushe, domin mun san abin da kalmar mayya take jawo wa tsohuwar da ba ta da gata. Yaro ya yi zazzaɓi ya ambaci sunanta cikin magagi, sai ka ga an taru a ƙofar ɗakinta ana cewa ta tsallaka shi. Fim ba shi ya ƙirƙiro wannan ba, amma duk lokacin da ya maimaita hoton, yana ƙara masa gishiri.

Waɗannan finafinai suna isowa wayoyin matasanmu, kuma ba na shakka wata rana wani daraktan Kannywood zai ce shi ma bari ya gwada. Ina fata ya gwada, don kayan aikin duk muna da su, ba sai mun ara ba. Muna da kango da kufai, muna da tsohuwar rijiya da kuka da tsamiyar da ba a zama ƙarƙashinsu da tsakar rana, muna da almuru da uwa ke ƙwala wa yara kira su shigo. Muna ma da abin da ya fi waɗannan, wato kawaici, wanda ke sa a san abu a gari shekara 30 ba a furta shi ba. Abin da ya saba kashe mana irin wannan fim shi ne gaggawar nuna aljani: a shafa wa mutum farar hoda, a sa masa dariya mai amsa kuwwa, ya ɓace fat ya bayyana fat, yara suna kallo suna tuntsira dariya. The Blair Witch Project na 1999, wanda aka ɗauka da kuɗi ƙalilan ya kuma tara kusan dala miliyan 250, har ya ƙare ba a ga mayyar ba ko sau ɗaya. Tarin duwatsu ne da ƙirare da aka ɗaure, da kukan yara daga nesa. Rashin kuɗin siddabarun kwamfuta ba uzuri ba ne, wataƙila ma rahama ce.

Amma akwai abin da dole mai yin irin wannan fim a ƙasar Hausa ya sani kafin ya kunna kyamara. A wurin ɗan kallo na Seoul ko Jakarta, gidan da mutanensa suka ɓace dare ɗaya tatsuniya ce. A sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato da Maraɗi, akwai ƙauyukan da suka zama kufai a 'yan shekarun nan, tukunya a kan murhu, rumbu a ƙone, kuma kowa ya san ba aljanu suka kwashe mutanen ba. Akwai waɗanda har yau suke jiran kiran waya. Akwai maƙwabcin da ya san wanda ya nuna hanya, ya kuma san abin da zai same shi idan ya buɗe baki. Wanda zai yi fim ɗin ɓataccen gida a nan yana taka wurin da jini bai bushe ba, kuma cikin masu kallonsa akwai masu gidan.

Don haka roƙona ga marubutanmu da daraktocinmu: idan za ku yi, ku ajiye kyamarar a zauren ɗan gari, wanda ya ga abin da ya faru ya kwana da shi, baƙo ya zo ya same shi a can. Ku bar tsohuwar nan ta huta. Hodar kuma a mayar wa masu kwalliya.