Jinjina ga Malaman Kalkulas

Kalkulas lissafin sauyi ne, wato yadda abu ke ƙaruwa ko raguwa, da yadda ƙananan sauye-sauye ke taruwa su zama jimla. Newton ɗan Ingila da Leibniz ɗan Jamus ne suka aza harsashinsa, kowa a gefensa. Leibniz ya wallafa nasa a 1684. A jami'a ɗalibi kan fara da iyaka, wato ƙimar da lissafi ke ta kusanta, ya wuce zuwa saurin sauyi, sannan faɗin filin da ke ƙarƙashin lanƙwasasshen layi. Gwanin malami yakan zana layin a allo, ya riƙa matso da ɗigo biyu kusa da juna har ɗalibi ya ga gangaren layin, wato saurin sauyinsa, da idonsa. Wannan haƙuri ya cancanci yabo, domin ta hannun irin waɗannan malamai injiniyoyi ke fitowa.