Bahagon Agadas da Babur Mai Launin Turkudi

Sau huɗu ke nan ina kallon fim ɗin nan, kuma wallahi da za a ce in zauna karo na biyar yau da daddare, ko tuwo ba zan jira ba. Sunansa ma sai da na kwana biyu harshena na harɗewa kafin ya zauna a bakina: Akounak Tedalat Taha Tazoughai. Tamashek ne, harshen Abzinawa, ma'anarsa kuwa ruwan sama mai launin shuɗi da ɗan ja a ciki. A 2015 ya fito, a Agadas aka ɗauke shi, tauraronsa shi ne bahagon makaɗin jitar nan na Nijar, Mahamadou Souleymane, wanda duniya ta sani da Mdou Moctar.

Ni dai a waya na fara sanin mutumin nan, tun kafin a yi zancen fim. Wani Ba'abzine mai shayi a bakin layinmu a Sakkwato ya kunna wani ɗan bidiyo da bai fi minti uku ba. Biki ne a fili, ƙura ta turnuƙe, janareto na kuka a gefe, wanda ya riƙe wayar ma rawa yake yi, don haka hoton sai tangaɗi. Fuskar makaɗin ko gani ba ka yi, rawani ya rufe. Amma jitar! Na ajiye kofin shayina na ce, "Malam, don girman Allah tura min wannan." Ya tura min ta bulutut, na sa shi a memori, na yi ta kallo har wayar ta mutu. Babu mai tallata shi, babu gidan rediyo, ɗan guntun hoton nan mai ƙura shi ya sayar min da mawaƙin gaba ɗaya.

Daga baya ne na ji abin da ya sa na ƙara ƙafafa: ashe kundin waƙoƙinsa na farko, Anar, a nan Sakkwato ya naɗe shi a 2008. In ka saurare shi za ka ji hannun situdiyoyinmu, ga muryar da aka bi da ita ta kwamfuta tana ƙyalli irin ta waƙoƙin finafinan Hausa na lokacin, ga gangar inji. Yaron da ya taso a yankin Tawa, wanda ya harhaɗa jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke, ya zo garinmu ya yi aiki ya koma, mu ko labari. Waƙoƙin suka yi ta tsalle daga waya zuwa waya har Mali. A can wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, yana bin mutane yana kwafar abin da ke cikin wayoyinsu, ya ci karo da waƙar Mdou mai suna "Tahoultine". Ya sa ta a faifan Music from Saharan Cellphones a 2011, ya yi ta cigiya har ya gano mai ita. Su biyun nan ne suka haɗa kai, tare da wani Bafaranshe mai ɗaukar hoto, Jérôme Fino, aka yi wannan fim da kuɗin karo-karo da masoya suka tara ta Kickstarter.

Labarin aro ne, ba su kuma ɓoye ba. Fim ɗin Purple Rain na mawaƙi Prince, na 1984, wato ruwan sama mai launin shunayya, shi suka ɗauko suka yi masa rawani. Saurayi ya shigo gari da jita a baya, uba a gida ba ya son ko jin ƙarar kiɗa, ga budurwa, ga abokin hamayya da ya riga shi suna, Kader Tanoutanoute, a ƙarshe a haɗu a gasa. An ce Tamashek ba shi da kalma guda ta launin shunayya, shi ya sa sunan fim ɗin ya yi wannan doguwar kewaya. Abin ya ba ni dariya, don kuwa launin da suka rasa sunansa shi suke naɗawa a ka tun kaka da kakanni. Turkudin da ake rinawa a buga a Kura, kusa da Kano, in rana ta haske shi, mene ne in ba shuɗi da ɗan ja a ciki ba?

To ga abin da ya kashe ni. Fim ɗin nan minti 75 ne ko kusa da haka, amma jininsa na ɗan bidiyon mai shayi ne. Ba su yi hayar komai don su rufe talaucin aljihunsu ba. Garin da kansa ya ishe su ado: lungunan jar ƙasa, hasumiyar babban masallaci mai tsayin mita 27 da itatuwanta a tsittsire, yara na leƙe ta katanga, akuya na ratsa hanya ba wanda ya kore ta. Sai ga Mdou a kan babur mai launin turkudi, riga na kaɗawa, jita a goye kamar jariri. Jama'a, na ga jarumai a cikin manyan motoci iri-iri, ban taɓa ganin wanda abin hawa ya yi wa kyau haka ba.

Idan kuma ya zauna ya fara kaɗawa, mai kyamara ya san aikinsa, sai ya matso ya tsaya a kan yatsu ya ƙi motsi. Hannun hagu na tsinkar tsirkiya, na dama na gudu a wuyan jitar kamar ƙadangare a bangon azahar. Sautin yakan fara a hankali, ya yi ta zagaya wuri ɗaya har ka saki jiki, sai ganga ta ƙara wuta, tafi ya shigo, kafin ka farga ƙafarka ta riga ka tashi. A wajen gasar ƙarshe ni kaɗai a ɗaki na miƙe tsaye ina tafi, har uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, lafiya?" Na ce mata lafiya lau, zo ki zauna. Ta zauna, ba ta tashi ba sai da aka gama.

Masu neman aibu za su samu. 'Yan wasan mutanen gari ne, ba sana'arsu ba ce, wani in zai yi magana kamar mai karanta wasiƙa. Soyayyar ma ba ta da wani nama, 'yan Kannywood sun fi su iya wannan nesa ba kusa ba. Ni ko a jikina.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne namu mawaƙan. Yaro na da murya, na da waƙa, sai ya shekara yana tara kuɗin hayar mota da gidan bene da 'yan rawa goma, wai sai da su bidiyo zai fito. Kafin kuɗin su cika waƙar ta tsufa. In kuma an yi, motar ake kallo, ba a ma tuna baitin. Alhali ga mutumin da ƙurar biki ta kai shi har kamfanin Matador na Amurka, inda ya fitar da Afrique Victime a 2021 da Funeral for Justice a 2024, yana cika zaurukan Turai da Amurka da rawaninsa. Sahel Sounds ma ba su saki layin ba. A 2017 sun sake yin wani fim a Agadas, Zerzura, da Ahmoudou Madassane, abokin kiɗan Mdou. A 2020 kuma duk wata sai wani mawaƙi ya naɗi waƙoƙinsa da waya ya aika ta WhatsApp a sayar, 'yan Etran de L'Aïr, makaɗan bikin Agadas, su suka buɗe fagen.

Ina da ɗan ƙanwa mai waƙa, wata bakwai ke nan yana ce min, "Kawu, saura kuɗin mota." Jiya na kira shi na zaunar da shi ya kalli fim ɗin daga farko har ƙarshe. Ranar Asabar da la'asar za mu bakin gulbin Rima da wayata da babur ɗin maƙwabci, ni zan riƙe wayar, na kuma yi masa alkawarin ba zan yi rawa ba sai an gama ɗauka.